Surukin Da Ya Ɗaga Tuta

Kalmar farko da ta shiga tsakaninsu zagi ce.

"Makaho! Wallahi kai makaho ne!"

Mai Tuta, mataimakin alƙalin wasa da ke bakin layi, bai waiwaya ba. Hannunsa na sama, tutar na kaɗawa, ƙwallo kuma tana kwance a raga. Alƙalin wasa ya dube shi, ya busa usur, ya nuna satar gida. Fili ya kaure da ihu kamar an watsa wa 'yan kallo tafasasshen ruwa.

Wasan ƙarshe ne na gasar shiyya, kuma ƙungiya ɗaya tak ke haurawa rukunin ƙasa kowace shekara. Da ƙwallon nan ta tsaya, da 'Yan Katako sun haura. Aka tashi canjaras, suka ƙare a na biyu.

Sai da masu gadi suka zo raka alƙalai sannan ya saci kallon inda muryar ta fito. Wata yarinya ce a gefen bencin 'Yan Katako, rungume da akwatin magani, idanunta sun cika da hawaye, amma har yanzu yatsanta na kansa. An sha zaginsa a fili, har uwarsa an sha ambata, bai taɓa tafiya gida da zagin kowa ba. Ranar ya tafi da nata.

Alƙalanci ba ya ciyar da kowa a gasar shiyya. 'Yan wasan ma kafintoci ne da direbobi da masu gyaran babur, sai an tashi aiki ake atisaye. Shi kuwa Mai Tuta a shagon tabarau yake aiki, yana yanka gilashi yana ɗaure ƙananan kusoshi. Yana kan teburinsa da safiyar Litinin aka ajiye masa wani tabarau a gabansa, ƙafa ɗaya ta karye, gilashi ɗaya ya tsage.

"Na Baba ne. Ko zai gyaru?"

Ya ɗago kai. Ita ce. Ta gane shi, ta ja da baya, ta dubi allon shagon, ta sake dubansa.

"Kai? A shagon tabarau? Ikon Allah! Kana sayar wa mutane ido, kai ba ka ajiye wa kanka ko ɗaya ba?"

"Ranki ya daɗe, mota ce ta taka shi?"

"Kai ka taka shi. Lokacin da ka ɗaga tsummanka Baba ya cire shi ya maka da ƙasa. Shi ne shugaban 'Yan Katako."

Ya juya tabaran a hannu, yana cije dariya. "To laifina ne, ni zan gyara. Ki bar lambarki, in ya kammala in sanar da ke."

"Lambar shagon Baba zan bari."

"Kina so Shugaba ya ji muryata?"

Ta harare shi, ta karɓi biro.

Auta ake ce mata a gida. Malamar firamare ce, ranar wasa kuma ita ke ɗaure wa 'yan wasan babanta ciwo. Da yamma ya tura mata saƙo.

"Tabaran Shugaba ya warke. Daga makahon da kika sani."

Amsa ta zo nan take. "Madalla. Ka gwada shi kafin in zo, ko Allah zai sa ka ga abin da ka yi mana."

"Na gwada. Har yanzu satar gida nake gani. Amma na ga wata mai akwatin magani sarai."

"Allah ya shirye ka."

Da ta zo karɓa ta daɗe a shagon fiye da yadda karɓar tabarau ke buƙata. Bayan nan aka shiga samun dalilai. Tabaran wata ɗalibarta ya saki, na shugabar makarantarsu yana matse mata kunne. Shi ma hanyar gidansu ta koma bi ta ƙofar makaranta, duk da ta fi nisa. Ba a rufa wata biyu ba zagin ya zama suna. In ta ce "Makahona" sai ya ji kamar an naɗa shi sarauta, shi kuma yana ce mata "Likitata".

Wata rana suna zaune a kan dakalin makaranta bayan an tashi yara, ta tambaye shi me yake nema a aikin da ladansa zagi ne.

"Mu ma tsani muke hawa, kamar ƙungiyoyi," in ji shi. "Na fara a gasar unguwanni, inda ake jifan alƙali da takalmi. Yanzu ina shiyya. Duk shekara hukumar ƙasa na turo mai sa ido ya kalli wasu daga cikinmu. In ya yaba da kai, sai ka haura rukunin ƙasa."

"Ka ga kai da Baba ciwonku ɗaya. Tun ban iya tafiya ba yake cewa sai ya ga yaransa sun buga a rukunin ƙasa kafin ya mutu. Shi ke saya musu takalma, shi ke ɗinke raga da hannunsa." Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. "Sai ka yi shiri. Ko sunanka ba a ambata a gidanmu, sai dai a ce wancan."

Ta faɗi gaskiya. Kawunsa ya je neman izini, ya dawo yana share gumi.

"Ɗana, duk 'yan matan garin nan ba ka ga kowa ba sai 'yar mutumin da ka hana barci? Ya karɓe ni da mutunci, har ruwa aka kawo. Da na faɗi ko kai wane ne, sai ya sa aka ɗauke ruwan."

Ga kuma Lamba Tara. Shi ne ɗan wasan gaban da aka soke wa ƙwallo, shi ne kuma babban yaron Shugaba a shagon katako, tun yana ƙarami yake hannunsa. Kowa a shagon ya ɗauka Auta tasa ce, shi ma haka ya ɗauka, ita kaɗai ce ba a tambaya ba.

Mai Tuta ya yi ta maza ya tafi da kansa. Ya tarar da Shugaba a shago, fensir a bayan kunne, garin katako har gira, tabaran da ya gyara a kan hancinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi. Injin yanka ya yi shiru, yara suka kasa kunne.

"Na ji saƙonka," in ji Shugaba. "Ni ba mai riƙo ba ne. Abu ɗaya nake so. Ga yaran nan da ka sa suka yi kuka. Ka tsaya a gabansu ka ce ka yi kuskure, ƙwallon nan halal ce. Kana faɗa, ka turo manyanka."

Mai Tuta ya dubi ƙasa. Ya sake kallon wasan a zuciyarsa, kamar yadda ya sha yi: ƙafa ta bugi ƙwallo, Lamba Tara ya riga mai tsaron baya na ƙarshe da kafaɗa. Babu kyamara a gasar shiyya, babu mai maimaita maka. Abin da idonka ya kama a ƙiftawa ɗaya shi ke nan.

"Baba, na ji zafin abin da ya same ku. Kuma ni mutum ne, ina iya kuskure. Amma abin da na gani ranar satar gida ce. In na ce ba haka na gani ba, na yi maka ƙarya."

"To ka je ka auri gaskiyarka," in ji Shugaba, ya ciro fensir daga kunne. Lamba Tara ya tayar da inji da ƙarfi.

Saƙon Auta ya same shi tun kafin ya kai titi.

"Kalma ɗaya ce fa. Na yi kuskure. Ko ɗalibaina suna faɗin ta kullum ba su mutu ba."

"Likitata, in na fara shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna a cikinsa?"

"Da ni."

Ya daɗe yana kallon kalmomin nan biyu. Ya yi ta juya abin a ransa har aiki ya gagare shi, ya sa wa wani tsoho gilashin dama a hagu. Wa ƙaryar za ta cutar? An riga an rufe gasa, ba maki da zai dawo. Tsoho zai samu sanyi, yara su samu abin faɗa, shi ya samu mata. Anya gaskiya yake karewa, ko girman kai ne ya sanya rigar gaskiya? Amma duk sanda ya gwada furta kalmar, ko shi kaɗai a ɗaki, sai harshensa ya yi nauyi.

Auta ta yi fushi, ta huce, ta sake yi. Mahaifiyarta ce ta riƙa kwantar da ita. "Bar su," in ji ta. "Taurin kai ne ya gamu da ɗan'uwansa. Ni da na zauna da ɗaya na san ba a tura su, sai dai a jira."

Sabuwar kaka ta zo, 'Yan Katako suka dawo da zafinsu. Suka yi ta cin wasa gida da waje, a motar haya da ke mutuwa a hanya, har aka zo wasan ƙarshe suna buƙatar nasara, kamar bara. Sai aka fitar da sunayen alƙalai. Mai Tuta ne a layi. Kuma a wasan ne mai sa ido zai kalle shi.

Alƙalai suna da ƙa'ida: in an ba ka wasa, ba ka magana da kowa na ƙungiyoyin biyu sai an tashi. Ya kulle bakinsa. Auta ta turo gaisuwa, shiru. Ta kira, bai ɗauka ba. A shagon katako kuwa Lamba Tara ya samu abin yi.

"Kin gani ko? An ba shi wuƙa ya manta da ke. Zai rama abin da Baba ya yi masa a kanmu, ya haura abinsa."

Saƙonta na gaba ba wasa a ciki.

"In don a ba ka wasan nan ka daina kula ni, Allah ya ba ka sa'a. Ka ɗaga tutarka yadda kake so. Amma ka sani ban taɓa zaton tsaninka ya fi ni ba."

Ya karanta a tsaye a ƙofar ofishin kwamitin alƙalai, don can ya nufa tun kafin saƙon ya zo. Ya shiga ya gaya wa shugaban kwamiti cewa yana neman auren 'yar shugaban 'Yan Katako, a cire shi.

Dattijon ya cire hula ya sosa kai. "Ai an hana ka ita, duk gari ya sani. Wa zai ce kana da alaƙa da su?"

"Zuciyata za ta ce. In na ɗaga, za a ce ramuwa. In ban ɗaga ba, za a ce toshi. Ni kaina ba zan san wanne ne ba."

"Ka san mai sa ido ba zai jira ka ba? Sai baɗi, in da rabo."

"Na sani."

Yana fitowa ya rubuta mata.

"Na ajiye wasan. Yanzu ina da bakin magana. Shirun ƙa'ida ce, ba gudu ba. Tsani yana nan baɗi, ke ce ban san ko za a bar min ke zuwa baɗi ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Kuka take yi tana dariya. "Makahona, kai wane irin mutum ne? Ka ƙi faɗin kalma ɗaya saboda ni, amma ka zubar da shekara guda saboda ni?"

"Shekarar tawa ce, ina iya bayarwa."

Ranar wasa ya sayi tikiti kamar kowa, ya tsaya a bayan wayar shingen fili. Lokaci ya yi, wanda aka sa a madadinsa bai iso ba, motarsa ta lalace a hanya. Baƙin da suka zo buga wasan suka ce ba za su iya dawowa wata rana ba, rabin 'yan wasansu da kyar aka ba su hutu a wurin aiki. Alƙali ya ce doka ta yarda a ba wa duk wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi tuta. Wani ya nuna Mai Tuta.

"A'a," in ji kocin baƙi. "Wancan neman shiga yake yi. Ku ba tsohon da kansa. Na san shi tun muna bugawa ba takalmi. In zai cuce ni, ya cuce ni a gaban garinsu."

Haka Shugaba ya tsinci kansa a bakin layi, ya naɗe ƙafar wando, tuta a hannu kamar an ba shi jaririn wani. 'Yan kallo suka yi ta shewa. Shi kuwa Mai Tuta, ba da niyya ba, ƙafafunsa suka kama aikinsu. Duk inda ɗan bayan ƙarshe ya matsa, sai ya bi shi a bayan waya yana tafiyar kaguwa, yana take ƙafafun mutane yana ba da haƙuri. Auta ta hango shi daga benci, ta rufe baki da mayafi.

Har aka kusa tashi ba ci. Sai aka zura wa Lamba Tara ƙwallo ta tsakiya, ya fita kamar an harba shi. 'Yan bayan baƙi suka ɗaga hannu gaba ɗaya suna kallon layi. Hannun Shugaba ya motsa, tutar ta taso zuwa ƙugu, ta tsaya, ta koma ƙasa. Raga ta girgiza.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Aka kutsa fili, aka ɗaga Lamba Tara sama, kafintoci suna rungumar direbobi, tsofaffi na kuka ba kunya. 'Yan Katako sun haura rukunin ƙasa. Kocin baƙi ya zo ya miƙa wa Shugaba hannu, ya dube shi ido cikin ido, ya wuce. Mai Tuta ya lura duk filin mutum ɗaya ne ba ya murna.

Washegari yana buɗe shago ya ga Shugaba a tsaye a ƙofa. Ya yi sauri ya kawo kujera.

"Baba, tabaran ne?"

"Tabarau lafiyarsa lau." Tsohon ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. "An ce jiya kana bin layi a bayan waya."

"Na saba ne, Baba."

"Hannuna ya tashi, na mayar da shi. Tun jiya nake tambayar kaina: ban ga satar gida ba ne, ko ban so in gani ba? Na tambayi yarana, sun ce halal. Me za su ce dama? Na tambayi uwar Auta, ta ce in sha magani in kwanta. Duk wanda na tambaya so yake ya faranta min." Ya ɗago ido. "Kai kaɗai na sani a garin nan da aka miƙa wa abin da ya fi so don ya faranta min, ya ƙi. In haram ce, yau zan je hukuma in faɗa da bakina, ko yaran nan za su tsine min. Me ka gani?"

Mai Tuta ya gyara tsayuwa. Ya rufe ido ya sake kallon abin, a hankali, yana tuhumar kansa a kowane motsi, don ya san amsar da zuciyarsa ke so.

"Baba, ina daidai da su. Sanda aka buga ƙwallo, ɗan bayansu na can gefe, mai lamba uku, bai fito da sauran ba. Ya makara. Shi ya rufe Lamba Tara. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su gan shi ba, yana bayansu. Ƙwallonku halal ce."

"Ka tabbata?"

"Yadda na tabbata bara."

Shugaba ya ƙura masa ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye, ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga.

"Ɗan banza! Wato in na karɓi ta bana, dole in haɗiye ta bara."

"Ban ce ba, Baba."

"Ai ba sai ka ce ba." Ya miƙe, ya gyara hula. A bakin ƙofa ya tsaya. "Ka gaya wa kawunka ya dawo. Wannan karon zai sha ruwansa har ƙasan kofi."

Ba a jima ba saƙon Auta ya shigo.

"Baba ya kira Mama yana waƙa a waya. Me ka ba shi?"

"Abin da na hana shi bara. Likitata, ki fara zaɓen ranar da ba wasa."

An ɗaura aure kafin a buɗe sabuwar kaka. Lamba Tara ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure, amma mutumin da duk gari ke ɗagawa sama ba ya iya riƙe fushi. Shi ya ƙera musu gado da hannunsa, ya ce wa ango in ya karye kada a neme shi. Babu wanda ya kai 'Yan Katako rawa a wurin biki, don shugaban kwamitin alƙalai ya sanar cewa daga ranar, ko a shiyya ko a rukunin ƙasa, ba za a sake ba surukin Shugaba wasansu ba har abada. Mai tsaron raga ya ce wannan ya fi masa haurawar daɗi.

Da za a tafi da amarya, Shugaba ya kira su biyun ɗakinsa. Suka durƙusa. Ya kama hannun Auta, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya sa a na mijinta.

"Ga ta nan. Bakinta ya fi nawa kaifi, kai kuma kanka ya fi nawa tauri, Allah kaɗai ya san yadda za ku ƙare. Ka riƙa gaya mata gaskiya, amma ka riƙa bari ta ci abinci tukuna."

"Shi mai faɗar dai bai taɓa bari na ci ba," in ji mahaifiyar daga bakin ƙofa.

Auta ta fashe da dariya cikin kuka. Tsohon ya ɗora tafukansa a kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare kuna wannan gardamar."

Duk ɗakin aka amsa da amin.